Hannu Nata, Ƙafa Tawa

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Surukata, Inna, ta cika ranar wata Talata da hantsi, aka kai ta makwancinta bayan azahar. Kafin la'asar gidanmu na unguwar Fezzan a Maiduguri ya cika da mata, har wasu suka shimfiɗa tabarmi a zaure.

Ban taɓa zaton tana da jama'a haka ba, domin mace ce da ta shekara goma sha wani abu ba ta taka ƙofar gida ba, in ban da lokacin ambaliya. Amma suka yi ta shigowa cikin laffaya iri-iri, kowacce ta durƙusa ta ce, "Ya muka ji da haƙuri?" mu ce, "Sai godiya." Wata mata daga unguwar Mairi, wadda ban taɓa gani ba, ta riƙe hannuna ta ce duk 'ya'yanta a kan shimfiɗar da Inna ta ɗinka suka yi jego, amma ba ta san fuskarta ba, saƙo kawai take bayarwa a sayo mata. Wasu mata uku daga cikin waɗanda rikici ya koro daga ƙauyukansu suka zo tare, suka zauna can gefe, ba su jin Hausa sosai. Ɗayarsu ta yi ta nuna mini goyonta tana faɗin, "Inna, Inna." Sai na tuna ita ce ta haihu a kangon bayan layinmu, Inna ta aika mata da shimfiɗa kyauta.

Ƙanwar maigidana, wadda yara ke ce wa Gwaggo, ta iso daga Kano washegari. Bayan ta yi kukanta ta share ido, ta jawo ni kicin ta rage murya.

"Kin yi ƙoƙari, matar Yaya. Allah Ya biya ki. Yanzu kuma sai ku tattara ku taho, an kwance ku."

Maganar ta yi mini ɗaci, ga shi kuma ba ƙarya ta yi ba.

Tsohuwar maƙwabciyarmu Babarbariya, wadda duk layin ke ce wa Kaka, ita ba ta yi kuka ba. Ta zauna ta miƙe ƙafa tana jan carbi, da na zo gaishe ta sai ta ce, cikin Hausarta mai nauyin Barbarci, "Wushe da haƙuri, 'yata. Ta huta. Jira ya fi noma wuya."

A kwanakin zaman makokin na ji an faɗi abubuwa da yawa a kanta. Wasu sun ce mai haƙuri ce, wasu suka ce, a hankali, taurin kai ne ya yi mata yawa. Ni da na zauna kafaɗa da kafaɗa da ita shekara da shekaru, na san duka biyun gaskiya ne, kuma duka biyun ba su kai ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, kada jikokinta su tashi su tarar abin da ya rage nata shi ne "tsohuwar nan da ta ƙi barin gida."

Inna 'yar Kano ce. Aure ya kawo ta Maiduguri, mijinta yana sayar da yadi a Kasuwar Monday. Shi ya saya mata keken ɗinki, baƙi, irin na takawa da ƙafa, ta yi ta ɗinka wa matan unguwa riguna da zannuwa. 'Ya'yanta uku: maigidana, sai Gwaggo, sai Auta. Lokacin da aka kawo ni gidan, tsohon ya riga ya rasu, Gwaggo ta yi aure a Kano, Auta kuma yana ajin ƙarshe na sakandare. Dogo ne siriri, ba ya rabo da dariya, kuma tunda ƙanin miji abokin wasa ne, ba ya barina in huta. Inna kuwa tun ranar da na shigo take ce mini Amarya, har na haifi uku ba ta sauya ba.

A shekarun nan da mutanen garin nan ba sa son tunawa, lokacin da ake rufe hanya ba sanarwa, a hana fita tun rana ba ta faɗi ba, Inna ta aiki Auta sayo kananzir da safe. Ya ɗauki galan, ya leƙo kicin ya ce in ajiye masa ƙanzo. Bai dawo ba.

Babu inda maigidana bai je ba. Ya je asibitoci, ya je inda ake tsare mutane, ya je inda ake ajiye gawa. Wani ya ce ya ga an zuba samari a mota, wani ya ce mutanen daji ne suka ɗebe su, wani ya ce ai ya hango mai kama da shi a wani gari. Ba mu samu galan ɗin ba ma, balle mai shi.

Ranar da maigidana ya dawo ya zauna a bakin rijiya ya ce ya rasa inda zai nufa kuma, Inna ba ta yi kuka ba. Ta sa aka fito mata da keken daga ɗaki, aka ajiye shi a rumfa, daidai inda in ta ɗaga kai za ta hango zaure. Daga ranar ba ta sake fita ba. Maƙwabta suka yi ta kwashe kaya suna barin gari, layinmu ya zama kamar an share shi, mu muna nan. Yayanta da suke ciki ɗaya ya rasu a Kano, aka turo mota, ta ce a gaishe su, za ta yi masa addu'a daga nan. In an matsa mata, amsarta ɗaya ce.

"In ya zo ya tarar ba na nan, wa zai ce masa sannu da zuwa?"

Aikin ɗinki ya tsaya, tunda ba biki ba suna. Keken ma ya fara ba ta wahala. Duk wanda ya san keken ɗinki ya san akwai wasu 'yan haƙora a ƙarƙashin allura, su ne ke jan yadi gaba, ɗinki ya tafi a miƙe. Na Inna sun cinye, sun daina ja, mai gyaran da ta saba da shi kuma ya bar gari. Wata rana na fito na tarar ta kwance su da bakin wuƙa, ta ajiye su a gwangwanin madara. Ta kuma sassauta ɗan ƙarfen nan da ke danne yadi, har ya zama yana shafar yadin ne kawai.

"Inna, kin lalata shi ke nan?"

"Zo ki gani."

Ta sa wani ƙyalle, ta taka. Maimakon yadin ya tafi gaba, sai ya tsaya yana jiran hannunta. Ta tura shi dama, ɗinki ya bi dama. Ta jawo shi baya, ya biyo ta. Ta zagaya da shi, zare ya yi da'ira. Tun ɓatan Auta, ranar na fara ganin wani abu mai kama da murmushi a fuskarta.

Daga nan ta shiga ɗinkin shimfiɗu. Hawa uku take yi. A sama ta haɗa guntayen atamfa da suka taru mata a buhu tun zamanin ɗinkin riguna, a tsakiya ta sa tsohon bargo ko audugar da ta baje, a ƙasa kuma tsohuwar laffaya. Sai ta shimfiɗa su a tabarma, ta kama su da manyan ɗinkin hannu don kada su zame, sannan ta kai keke. Daga tsakiya take farawa, ta naɗe sauran ta cusa shi ta ƙarƙashin hannun keken, domin keken gida ne, wurin ba shi da faɗi. Ta ɗora tafukanta biyu a gefe da gefen allura, kamar mai shafa bayan jariri, ta yi ta juyawa.

Da farko abin bai yi kyau ba. Allurai suka yi ta karyewa. In ta juya bayan shimfiɗar sai a ga zare ya cukurkuɗe kamar sheƙar ɓera. Ta ɗauki reza ta warware, ta sake. Ba ta da inda za ta je, saboda haka ba ta gaggawa. Sannu a hankali hannun ya faɗa. Ba ta zane da alli, daga kanta take fitar da shi. Akwai wanda take kira tafiyar gara, layi ɗaya da ke ta lanƙwasa yana cika wuri ba tare da ya hau kansa ba. Akwai ganyen maina, wato darbejiya, akwai zanen lalle. In ta ga layi ya tsallake layi sai ta tsaya ta warware, ko da ba wanda zai lura.

"Mai ɗinkin ce ta yi garaje," in ji ta. "Zare ba ya laifi."

Kaka ce ta fara ɗaukar shimfiɗun tana kai wa mata. Aka fara da na jarirai, aka koma sallaya, har da manyan na gado. Haka sunan Inna ya zaga gari, ita tana zaune a rumfa.

Ana cikin haka aka mayar da aikin maigidana Kano. Ya roƙi Inna mu tafi gaba ɗaya, ta ƙi. Shi ya tafi, yana zuwa ƙarshen wata in hanya ta yi kyau, ni da yara muka zauna da ita. Da ma ina karatu a jami'a, na dakatar tun lokacin rikici da niyyar in koma in ƙura ta lafa. Ƙura ta lafa, amma ba wanda zan bar wa tsohuwa da yara. Ƙawayena suka gama, suka kama aiki, ina ganin hotunansu a waya. Ni kuwa duniyata ta zama daga kicin sai rijiya, sai rumfa.

Gwiwoyin Inna suka fara ciwo, maigidana ya sayo mata ɗan injin lantarki aka ɗaura wa keken, ta huta da takawa. Sai kuma aka shiga dogon ɗauke wutar nan da garin ya daɗe a duhu. Injin ya zama ado. Ta koma takawa, gwiwar dama ta kumbura kamar ƙwarya. Ta yi kwanaki tana zama a gaban keken, hannunta a kan yadi, ba ta ɗinka komai, tana kallon zaure. Na fi tsoron wannan zaman a kan komai.

Wata rana bayan azahar ta kira ni.

"Amarya."

"Na'am, Inna."

"Zo ki ara mini ƙafarki."

Wanda bai san kunyar surukuta ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. Ni da ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa zama a kujera tana ƙasa ba, sai ga ni a kan 'yar kujera a gefenta, na miƙa ƙafa ƙarƙashin teburin, kafaɗata tana gogar tata, ina jin ƙamshin man zafin da take shafawa a gwiwa.

Ashe aikin ba na ƙarfi ba ne. Tunda ba haƙoran da ke auna ɗinki, dole gudun ƙafa ya yi daidai da gudun hannu. In na yi sauri ita tana tafiya a hankali, sai ɗinkin ya yi ƙanana-ƙanana ya taru wuri ɗaya har ya huda yadi. In na yi sanyi ita ta yi gaba, sai zaren ya yi tsalle mai tsawo wanda yatsan jariri zai iya maƙalewa a ciki.

"Wa ya biyo ki? Sassauta."

Na sassauta.

"Ko barci kike? Taka mana."

Mun karya allurai, mun ɓata yadi, na sha faɗa. Amma wata rana na lura mun gama shimfiɗa guda ba ta ce mini ko uffan ba. Na koyi kallon kafaɗarta. In za ta shiga lanƙwasa takan ɗan ja numfashi, sai in rage. In ta samu fili ta saki kafaɗa, sai in ƙara.

A wannan zaman ne kawai take hira. Idonta a kan allura, ba ta kallona, sai magana ta yi ta fitowa. Ta ba ni labarin ranar da ta fara sauka a garin nan ba ta jin ko "wushe", sannun Barebari, da yadda Kaka ta koya mata haɗa turaren wuta. Ta kan yi maganar Auta kamar wanda ya je ci-rani. "Yanzu ai ya isa aure," in ji ta. "Ko ya yi gemu? Ubansu bai yi gemu da wuri ba." Ni kuwa sai in yi ta takawa.

Ba kullum nake takawa da daɗin rai ba. Akwai ranakun da maigidana zai bugo waya ya ce ba zai samu zuwa ba, ko yarinyata ta tambaye ni me ya sa Babansu ba ya kwana a gida kamar na kowa. In na zauna sai in ji ina danna ƙarfen nan kamar shi ya yi mini laifi. Inna ba ta ɗago kai, sai dai ta ce, "Yau ƙafarki da magana."

Rigimar da muka yi guda ɗaya ce, kuma babba ce. Maigidana da Gwaggo suka shirya, suka zo da Baffa, ƙanin marigayi mahaifinsu da ke zaune a unguwar Wulari, tare da wani malami. Aka shimfiɗa musu tabarma a rumfa. Malamin ya yi bayani a natse, ya ce addini bai bar mutane cikin ƙunci ba, in mutum ya ɓata aka daɗe ba labari, akwai hanyar da ake bi a yanke hukunci, a yi masa sadaka, a raba gado. Baffa ya ƙara da cewa in an sayar da gidan, sai kowa ya koma Kano a zauna wuri ɗaya.

Inna ta saurare su har suka gama.

"Malam, ka ga gawarsa?"

"A'a, Hajiya, sai dai..."

"To wanda ya gani ya zo ya faɗa mini. Amarya, kawo wa baƙi ruwa, tafiya za su yi."

Suka tashi jiki a sanyaye. Maigidana ya fita raka su, Gwaggo ta shige ɗaki tana kuka. Ni na tsaya riƙe da kofunan da ba wanda ya sha. Na sa rai a wannan zama fiye da yadda na sani. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Inna, mu fa? Mu da muke raye a gabanki? Yaran nan sun tashi ba su san zama da ubansu ba. Ni na zama kamar wadda aka dasa a gidan nan."

Ta dube ni sosai, abin da ba ta saba yi ba.

"Na ɗaure ki ne? Ga ƙofa can, ba kwaɗo a jikinta."

"Kin san ba za mu iya tafiya mu bar ki ba."

"To ni ma haka ne," in ji ta.

Na shiga kicin na zauna a ƙasa.

Mun yi kwanaki daga gaisuwa sai gaisuwa. Ban zauna a 'yar kujerar ba, ita ma ba ta kira ni ba. Na ɗauka fushi take yi. Ashe tunani take. Wata safiya ta ce in kira mata ɗanta a waya, in sa yadda zan ji. Da ya ɗauka, ko gaisuwarsa ba ta bari ya ƙarasa ba.

"Yarinyar nan za ta koma makaranta."

"Inna, wa zai zauna da ke? Ga yara..."

"Ni gurguwa ce, ba gawa ba. Yara ni zan riƙe su, Kaka tana nan in wani abu ya taso. Mutum ɗaya ya isa jira."

Ta miƙo mini wayar, ta gyara ɗankwalinta, ta ce in duba ko akwai sauran farin zare.

Haka na koma karatu. Da safe in hau Keke Napep in nufi jami'a can wajen unguwar Mairi, in dawo bayan la'asar, in yi salla, in zauna mu yi ɗinki har hasken rana ya gaza. Sai hirar ta juya, ni ce mai ba da labari. "Me kika gani a hanya?" in ji ta. In ce an yi sabon titi a wuri kaza, an rushe shagunan wuri kaza. Ta tambayi wata bishiyar maina da take tsayawa a inuwarta in za ta kasuwa, in ce an sare ta. Hannu ya ci gaba da tafiya. Can, kullum, sai ta ce, "Ba ki ga kowa ba?"

"Ban ga kowa ba, Inna."

"To. Taka."

Na gama karatun, na samu koyarwa a wata makaranta kusa da gida. Ranar da na kawo mata takardar shaida, ta juya ta sama da ƙasa, ba ta iya karatun boko ba, ta ce, "Takarda ɗaya tal? Duk zaryar nan?" Amma ta sa Kaka ta zagaya da ita gida-gida.

Abin da roƙo da malamai suka kasa, ruwa ne ya yi shi. Shekarar da ambaliya ta ci garin nan, gari na wayewa muka ga ruwa ja yana shigowa ta zaure. Kafin mu tattara yara ya kai gwiwa. Samarin unguwa suka shigo suna ihu a fita. Inna tana zaune a kan gado, ta naɗe ƙafa.

"Ku fitar da yara. Ni ina nan."

Ruwa ya kai cinya. 'Ya'yan Kaka biyu suka ɓalle ƙyauren kicin, suka ɗora ta a kai, suka ɗaga. Da aka zo ƙofar zaure sai ta kama dogarin ƙofar da hannu biyu. Hannun da ya shekara yana juya bargo a ƙarƙashin allura ba ƙaramin ƙarfi gare shi ba. Samarin suka kasa, suna jin nauyin taɓa ta. Ni na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ina kuka ina ba ta haƙuri.

"To ku rubuta," in ji ta. "Ku rubuta a bango inda muka tafi. Sama, inda ruwa ba zai kai ba."

Wani daga cikinsu ya samo gawayi, ya yi ɗage ya rubuta cewa muna Wulari, gidan Baffa. Sannan ta bari aka wuce da ita.

Rabonta da ganin titi shekara goma sha wani abu. Na ɗauka za ta kalli yadda gari ya sauya, ko yadda ruwa ya cinye shi. Ba ta kalli ko ɗaya ba. Fuskokin mutane take bi, duk saurayin da ya gifta cikin ruwa da kaya a ka sai ta juya ta bi shi da ido. Yara matasa take kallo, sa'o'in Auta na ranar da ya fita.

A Wulari ba ta ci ba ta sha ba, sai an yi da gaske. Ruwa na janyewa ta ce a mayar da ita, tun laka tana kama ƙafa, tun ɗakunan suna wari. Muka tarar teburin keken ya kumbura ya tsage, kansa ya yi tsatsa. Na wanke shi da kananzir, na zuba masa mai, kafinta ya yi masa sabon katako. Ya tashi, amma da nauyi. Muka zauna kan wata 'yar shimfiɗar jariri. Na taka, ta tura, sai layin ya fito a karkace yana rawa. Muka sake, haka. Na ce bari in rage gudu.

"Bar shi, Amarya," in ji ta. Ta ɗauke hannuwanta ta ɗora a cinya tana kallonsu. "Ba laifin ƙafarki ba ne."

Sanyin gidan ya shiga ƙirjinta, tari ya kama ta, ta ƙi asibiti. Wata ma'aikaciyar jinya a layinmu ce ke zuwa tana duba ta. Ta ja watanni a haka, tana ramewa. Da na ga jikin ya yi nisa, na kira maigidana, ya taho.

Safiyar ranar da za ta cika, bayan na goge mata jiki na sauya mata zani, ta ce in kira shi. Ya shigo ya durƙusa a bakin gado. Na tashi zan ba su wuri, ta riƙe mini gefen zani.

"Zauna, ke ma ki ji." Ta huta, sannan ta dubi ɗanta. "In kun tashi yi mini addu'a, ku haɗa da ƙaninka."

"Inna..."

"In yana raye, addu'a ba za ta kashe shi ba. In kuwa ya riga ni, to na bar shi ya daɗe bai samu ba."

Maigidana ya kifa kansa a kan katifa. Ta ɗora hannu a ƙeyarsa, ita da ba ta ko kiran sunansa saboda ɗan fari ne. Ba ta ƙara wata doguwar magana ba sai kalmar shahada.

Ranar sadakar uku maza suka taru a ƙofar gida, mu mata muna ciki, muna jiyo su ta zaure. Liman ya yi wa Inna addu'a aka shafa. Sai na ji muryar maigidana yana cewa akwai saura, akwai wasiyya. Liman ya tambayi sunan wanda za a haɗa. Na ɗauka ba zai iya ba. Sannan ya faɗi sunan, cikakke, da na ubansu, muryarsa tana karyewa a tsakiya. Gwaggo ta fasa kuka, Kaka da ba ta zubar da hawaye ba tun ranar Talata ta ja mayafi ta rufe fuska. Sai a ranar muka yi kukan Auta.

Har yanzu muna Fezzan. An yi arba'in, masu saye sun zo sun ga gida. Maigidana ya ce a bari tukuna, ni kuma ban tambaye shi tukunan me ba.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya yalwata mata kabarinta, Ya sa ta huta. Inda duk Autanta yake, Allah Ya sada su. Mu da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.